Yadi Goma Sha Biyu

A teburin shayin Ɗan'iya, nan bakin Dilimi,
ruwan Agusta ya tsare mu, ba mai tafiya.
Sai Talle tela ya zaro tsohon littafinsa,
wanda gumi ya ci bangonsa, zare ke riƙe da shi,
inda ya rubuta kowace ƙwallon gasar unguwanni
tun kanmu na baƙi, tun gwiwa ba ta ƙara.

Ya ce, "Barau na Gangare, talatin da ɗaya.
Davou na Tudun Wada, ashirin da bakwai.
Biro bai san ɗan unguwa ba."

Wani yaro mai gyaran waya ya ce, "Dakata, Baba,
cire fenareti tukuna.
Sha biyun Barau sadakar alƙalin wasa ce,
an ajiye masa ita kamar tuwo a faranti,
ba mai ture shi, ba mai jan rigarsa.
Saura sha tara. Davou fa?
An ce kowace tasa ƙwato ta ya yi,
ɗaya da ka, cikin taɓo, har ya bar haƙori a fili."

Aka doki tebur, shayi ya fantsama.
Talle ya ce, "Raga ba ta tambayar ƙwallo ta ina ta biyo."
Yaro ya ce, "Mu muna tambaya."

Ni dai ban tanka ba.
Ni ne golan da su biyun suka yi ta ci shekara tara,
na san nisan nan, yadi goma sha biyu,
bai fi daga bencin nan zuwa bakin kwata ba.
Amma na ga ƙato ya taho zai buga,
ƙafarsa ta koma buhun dankali,
raga ta tsuke masa kamar kafar allura,
ni ɗan siririn nan na zame masa dutsen Shere.

Can ƙarshen benci wani dattijo na tsoma burodi,
hular sanyi har gira, lema tsakanin gwiwoyi.
Ya ɗago ya yi murmushi, sai ga giɓin.
Yaro ya yi tsit.

"Ɗana, na gode da yabo," in ji Davou,
"amma tambayi Talle me ya sa shafina ba fenareti.
Sau ɗaya na buga. Wasan ƙarshe, saura minti biyu.
Na ɗaga ta sama, ta sauka a gonar kabeji.
Wata guda ban bi ta Taminus ba.
Tun ranar, in usur ya yi kuka aka nuna ɗigo,
sai in durƙusa ina ɗaure takalmin da bai kwance ba.
Kaka biyu muka sa riga ɗaya da Barau.
Ni ake kayarwa, shi ke ɗaukar ƙwallon
ya rungume ta, ya tafi shi kaɗai,
jama'a sun yi shiru har kana jin tarin mai gyaɗa.
Sha biyun nan kuza ce, ɗana.
A ido 'yar tsakuwa. Ɗaga ka ji."

Ruwa ya sassauta. Talle ya rufe littafi,
bai ƙara wa kowa ba, bai rage ba.
Yaro ya ce ƙasa-ƙasa, yana goge waya da riga,
"Ashirin da bakwai dai ta fi sha tara."
Davou ya yi dariya, ya biya masa shayi.

Barau kuwa shekara uku ke nan da muka kai shi makwanci.
Akwai ta sha uku, ba ta cikin littafin Talle,
wadda na faɗi hagu na tare da tafin hannu.
Bayan an tashi ya zo ya gaishe ni.
Har yau in sanyin Jos ya shiga yatsuna
ina jin yadda hannunsa ke rawa cikin nawa.